Shekarar da Inna Ta Ƙetarar da Agwaginta

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, in ka baro Wara ka gangaro bakin tafki. Mahaifinmu masunci ne, ya gina shi can gefe don ya sami filin shanya taru, kuma bayan rasuwarsa Inna ta ƙi tashi daga wurin. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta. Ni ce ta fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke", ko "Malama" bayan na fara koyarwa a wata firamare a Yelwa. Sai ƙanena, wanda har gemu ya fito masa ba ta daina ce masa "auta" ba.

Sai kuma agwagi. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu babu su ba. Da safe su bi ta ƙarƙashin zana su gangara ruwa a jere, da la'asar su dawo suna rangaji, Inna ta zuba musu dusa da kayan cikin kifin da ta gyara na banda. Ta san wadda ke ɓoye ƙwai a gindin rumbu, ta san wadda ba ta iya riƙon 'ya'ya. A cikinsu auta ya yi rarrafe, yana tsoma hannu a kaskonsu suna tsoma baki a kwanonsa. Da ya ce likitan dabbobi zai karanta, ba wanda ya yi mamaki.

Inna ta ɗauka in ya gama zai dawo kusa ya riƙa duba shanu da awaki. Sai ya sami aiki a wata cibiyar bincike mai nisa, tafiyar yini guda cur a mota. Ya yi watanni bai zo ba. Da ya sami hutun farko, ni ya kira.

"Yaya, a gidanki zan sauka. Don Allah ki sa a ɗauko Inna ta zo Yelwa."

"Ba za ka ƙarasa gida ba?"

"Ba wannan karon ba. Kuna da kaji a gidan?"

Na ce ba mu da ko ɗaya. Haya muke a lokacin ni da maigidana, kuma mai gidan ya hana kiwo. Ya ce to madalla, in ya zo zai yi bayani.

Inna ta zo a motar kasuwa, da soyayyiyar agwagwa a kwano da ƙunshin banda. Da ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Sannu da hanya, likita." Ni na ji kalmar, shi bai ji ba, hankalinsa na kan kwanon. Ya ci yana ba mu labarin sanyin garin da yake, tana amsawa da "to" da "Allah ya taimaka". Sai da muka koma wurin wanke-wanke ni da ita ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Ke, gidan ubanshi ne ya yi mishi kaɗan, ko warin kashin agwagi ne ba ya iya shaƙa yanzu? Ɗakinshi na sa an yi wa sabon daɓe. Tabarma ma sabuwa na saya."

Na tsame hannuna daga ruwan kumfa na je na gaya masa. Ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya fito ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, kamar yadda yake yi yana yaro in ya fasa wani abu.

"Inna, kin tuna lokacin da kaji suka riƙa faɗuwa matattu a kasuwa, aka ce murar tsuntsaye ce?"

"Na tuna."

"Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ido ba ya ganinta. 'Yar'uwarta ce ke kama mutane, murar nan mai kwantar da mutum da zazzaɓi, ta sauka a ƙirjin tsofaffi da yara. Mu aikinmu kiwonta."

Sai a nan ta dube shi. "Kiwo?"

"A cikin ƙwai. Muna huda ƙwan kaza kaɗan mu sa ta, ta yi yawa a ciki. Mu ɗebo mu sa a wani ƙwan, mu ajiye a wurin da ya fi na baya sanyi. Haka za mu yi ta yi har ta saba da sanyi, ta kasa jure zafi. Hanci yana da ɗan sanyi, huhu kuwa da zafi. In aka fesa ta a hanci sai ta tsaya nan, ba ta iya gangarawa ƙirji. Jiki ya gan ta, ya san kamanninta. Ranar da mai ƙarfin ta zo, ba baƙuwa ba ce."

"Mi ya hana ku kashe ta ku huta?"

"Akwai masu kashewa, ita ce ake yi wa mutane allura da ita. Amma mai rai ta fi koya wa jiki. Kuma ki duba gonar kaji, wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya da allura? Wasu abokan aikina na mutane suke yi. Ni ina cikin masu neman na dabbobi."

Ta murza bakin zanenta. "To in kun rage mata ƙarfi, tsoron mi kake?"

"Kafin mu san rigakafin ya yi, sai mun gwada shi da mai ƙarfin. Ina shiga ɗakin da take. Muna rufe jiki ruf, mu yi wanka in mun fito. Duk da haka doka ce, wanda ya shiga sai ya yi wasu kwanaki bai kusanci tsuntsu ba. Mutum ba ta cika kama shi ba, amma tana iya maƙale masa bai sani ba, ya kai wa kaji. Hutuna gajere ne, kafin kwanakin su cika na koma. Agwaginki nake ji wa, Inna."

Can ta tambaye shi ko ƙwan da suke sa abin a ciki yana ƙyanƙyashewa. Ya ce a'a.

"Allah sarki," in ji ta. Ta jawo kwanon da sauran naman ta tura gabansa. "Cinye, auta."

Shekara ta zagayo. Damina ta wuce, tafki ya cika har gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Auta ya kira ya ce ya sami hutu, gajere kamar na bara, in shirya masa ɗaki. Da na gaya wa Inna sai ta ce in zo mata ƙarshen mako, kuma in zo da tsofaffin kaya.

Ƙanwarta tana aure a ƙetaren wani lungu da tafkin ya kutso cikin ƙasa, daga ƙofar gidanmu ana hango rufin kwanonsu. Ashe Inna ta riga ta gama magana da ita, ta kuma yi magana da wani dattijo abokin mahaifinmu mai kwale-kwale. Agwagin za ta kwashe kaf ta kai can.

Ban yi zaton kamun agwagi aiki ne ba sai ranar. Mun tare su tun kafin su fita, amma da suka ga kwanduna sai suka watse. Wata ta haye rumbu, wata ta shige ɗakin girki ta kifar da tukunya. Tsohon toron, wanda ya fi kowa girma da jan fuska, ya tsaya a tsakar gida yana huci, na kai hannu ya make ni da fiffike har na zauna a cikin kaskon ruwansu. Inna ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta lallaɓa ta bayansa ta rufa masa zane ta sunkuce shi.

Saura guda, wadda ke kwanci a gindin rumbu. Na ce a bar ta mana, ai ba ta tashi. Inna ta ce in an bar ɗaya ba a yi komai ba. Ta ɗauko babban masaki ta shimfiɗa ciyawar sheƙar a ciki, ta kwashe ƙwan da ɗuminsa ta jera, ta ɗora uwar a kai. A cikin jirgi a cinyarta ta riƙe masakin, ta lulluɓe shi da mayafi, tana yi wa agwagwar magana ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri. Baƙo zan yi."

Dattijon yana tuƙi yana girgiza kai. Ya ce ya ƙetarar da amare, ya ƙetarar da shanu da buhunan albasa, amma bai taɓa ƙetarar da agwagi don a yi wa ɗa shimfiɗa ba. Inna ta ce to yau ya yi.

Da muka dawo muka share gidan tas, muka ƙone fuka-fukai da tsohuwar ciyawa, ta barbaɗa toka ko'ina. Ta toshe kafar da suke bi ta ƙarƙashin zana, ta je ta roƙi maƙwabciyarmu ta kulle 'yan kajinta. Da yamma muka zauna a tsakar gida, shiru ya yi yawa har na riƙa jin ruwa yana dukan gaɓa. Na lura lokacin zuba dusa ya yi Inna ta miƙe, ta kai rabin hanya zuwa buhun, ta dawo ta zauna.

A tashar Yelwa na tarbi auta na gaya masa. Ya tsaya da jaka a kafaɗa yana yi mini tambayoyi: duka aka kwashe, an share, akwai tattabaru a kusa? Sannan ya koma gefe ya kira shugabansa a waya, suka daɗe suna magana. Ya dawo ya ce an yarda, muddin babu tsuntsu a gidan.

Da muka isa ya yi sallama ya shiga, ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube.

"Inna, ina suke?"

"Sun tai ziyara."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya juya ya fuskanci rumbu kamar yana duba jinkarsa, ya daɗe a haka. Inna ta ce mini in zo in taya ta hura wuta, muka ba shi wuri.

Ya kwana a ɗakinsa, a kan tabarmar da aka saya tun bara. Washegari ya yini yana gyare-gyare, ya ɗaure ƙofar da ta saki, ya hau ya toshe inda rufin Inna ke yoyo. Ita kuwa tukunya ba ta sauka daga murhu ba.

Safiyar da ta biyo baya muna shan kunu a tsakar gida, Inna ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru. Ni ban ji komai ba. Sai ga ƙasa tana motsi a gindin zana, daidai wurin da ta toshe, sai ga jar fuskar tsohon toron ta ɓullo. Ya turo kafaɗa ya shigo, jikinsa sharkaf, a bayansa kuma sauran suna layi. Daga baya muka ji cewa ƙanwar Inna ta buɗe musu ne don ta ba su abinci, suka bi ta ƙafafunta suka faɗa ruwa. Tun da asuba suke iyo.

Auta ya miƙe zumbur. Ya ajiye kwanon kunu, ya fice ta ƙofar zaure babu takalmi, ya yi kwana mai faɗi ya gangara gaɓa. Tsohon jirgin mahaifinmu yana ɗaure a wurin, ya kwance shi ya tura ya haye. Da na leƙa ta saman zana na hango shi zaune a jirgin a tsakiyar ruwa, likita guda, da singileti, yana kallon gida. Na yi dariya har hawaye ya zubo mini.

Inna tana tsaye da tsintsiya a hannu, agwagi sun kewaye ta suna huci suna jan bakin zanenta. Ta ɗaga tsintsiyar ta sauke.

"Su ma gida suka sani," in ji ta.

Mayar da su ba zai yi amfani ba, tunda sun gane hanya. Na ɗauka auta zai koma Yelwa ya ƙarasa hutunsa a wurina, shi ma da ya matso da jirgin kusa da gaɓa abin da ya faɗa ke nan. Inna ta ce a'a. Ta sa na taya ta muka toshe zanan da duwatsu, muka cika manyan kwanoni da ruwa, muka kulle agwagin a cikin gida. Sannan ta naɗe tabarmi, ta ɗauki tukunya da gidan sauro, ta nufi tsohuwar rumfar da mahaifinmu yake gyaran taru, can nesa da gidan a ƙarƙashin tsamiya. Agwagi suka ci gida, mu muka koma zaman rumfa.

Auta ya kafa sharaɗi guda: duk lokacin da za ta shiga wurinsu, ta wanke hannu da ƙafa da sabulu, ta canja zane. Ta yi ƙunƙuni cewa ta haifi wanda zai koya mata wanka, amma ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta rataye zanen agwagi a kan reshe, na rumfa a kan wani.

Da la'asar ranar ya ce mu shiga jirgi ya zaga da mu. Inna ta zauna a gaba, ni a tsakiya ina kwarfe ruwan da ke tsattsafowa. Ya daɗe bai riƙe filafili ba, da farko jirgin ya riƙa juyi, sannan hannunsa ya tuna. Mun yi nisa kaɗan ya daina tuƙi, ya bar ruwa yana ɗaukarmu.

"Inna, aikin ba ya tafiya," in ji shi. "Wadda muka daɗe muna kiwo, mun rage mata ƙarfi har ya yi yawa. Mun ba kaji, jikinsu bai ma san ta shiga ba. Da muka kawo mai ƙarfin, suka mutu kamar ba a yi musu komai ba. In kuma muka bar mata ƙarfi, tsoro muke kada ta haɗu da ta daji su haifar da wata. Sai mun koma baya."

Na jira in ji ta ba shi haƙuri da dogon zance. Sai ta tambaye shi ko akwai mai dafa masa abinci a can, ya ce yana saye. Ta tambaya ko yana da abokin hira in an tashi aiki, ya ce akwai mutum ɗaya. Ta gyaɗa kai.

"Ni ban ƙosa ba, auta. Kai ma kar ka ƙosa." Ta juya ta dubi ruwa. "Wurin da ubanka yake zuba taru, ka san shi?"

"Na sani."

"Kai ni. Shekara da shekaru ina gyara kifin wurin, ban taɓa ganinshi ba."

Ya tuƙa mu har bayan wasu duwatsu da suka leƙo daga ruwa, inda busassun itatuwan da tafki ya cinye tun tuni suke tsaye. Ya nuna mata kututturen da suke ɗaure jirgi, da inda Baba yake sa shi ya zauna kada ya faɗa. Babu wani abin kallo a wurin, ruwa ne kamar kowane ruwa. Inna ta sa hannu a ciki ta bar shi yana ratsa yatsunta. Ta yi wa mahaifinmu addu'a, muka shafa, muka juyo kafin rana ta faɗi.

Sauran hutun a rumfar ya ƙare. Masunta masu wucewa suna tsayawa su yi masa tsiya, su bar mana kifi. Ranar da zai tafi ya tsaya daga nesa ya leƙa ta saman zana ya ga agwagin, bai shiga ba. Mai kwancin ita kaɗai ce ba ta dawo ba. A can ta ƙyanƙyashe, Inna ta bar wa ƙanwarta ita da 'ya'yan.

Bayan shekara biyu ko uku, da sanyi, murar tsuntsaye ta biyo ƙauyukan bakin tafki. Ta shiga gidanmu. Ina wurin lokacin da auta yake gaya wa Inna a waya kada ta yanka, kada ta sayar, kada ta taɓa su da hannu tsirara, a haƙa rami mai zurfi a binne, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Ta yi duk yadda ya ce, ta kuma bi gida-gida tana gaya wa mata. Fiye da rabin garken ya tafi, har da tsohon toron. Da yamma ya sake kira.

"Ban gama ba, Inna. Da na gama da ba haka ba."

"Ai ban ce ka gama ba," in ji ta. "Ka ci abinci?"

Har yanzu bai gama ba. Ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Inna ƙafa ta yi nauyi, na sa an koma da ita ɗakin da ya fi kusa da ƙofa, kuma 'yar maƙwabciya ce ke zuba wa agwagin dusa tana zaune tana ba da umarni. Garken ya sake yawa.

Watannin baya ya kira ni da rana tsaka ina cikin aji, abin da ba ya yi. Ya ce sabuwar ƙwayar rigakafin da suka fesa wa kaji ta riƙe, an kawo mai ƙarfin ba wadda ta faɗi. Ya ce da sauran tafiya mai nisa kafin ta fito daga ɗakin gwaji, kada in yi ta yaɗawa, amma in gaya wa Inna. Ya turo mini hoton kajin, farare, a bayan gilashi.

Ranar Asabar na kai mata. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta nisanta ta da fuskarta, ta matso da ita, ta daɗe tana kallo. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta sa yatsa a kan wata da ke gefe.

"Wagga ta rame. Ki ce mishi su ƙara musu dusa."